Neman Asali a Garin Fachi

Akwai wata al'ada da ta daɗe da kafuwa a ƙasashen Turai da Amurka, wadda a yanzu ta fara shiga zukatan 'yan bokonmu, ita ce mutum ya ɗaura niyyar bin diddigin kakanninsa ta hanyar takardu, ya tafi maƙabarta ya karanta abin da aka zana a jikin duwatsu, ya shiga ɗakin ajiyar tsofaffin jaridu ya nemi sanarwar aure da ta rasuwa, sa'an nan ya rubuta wa hukumar soja ta aiko masa da lambar kakansa da ranar da aka ɗauke shi da ranar da aka sallame shi, in ya haɗa waɗannan duka sai ya ce ya san asalinsa. Ba ni da ja da wannan hanya a inda aka ƙago ta, domin a can alƙalami ne yake tarbar jariri, shi ne kuma yake raka gawa. Abin da nake so mu yi nazari a kansa shi ne, in aka ɗauki wannan hanya aka kai ta gari irin Fachi, me za ta samo, kuma abin da ta samo ɗin, shin ya cancanci a kira shi ilmi, ko kuwa zato ne aka buga wa hatimi.

Fachi, wanda ake kuma kira Agram, ƙaramin gari ne a tsakiyar hamadar Tenere cikin jihar Agadas, tsakanin duwatsun Azbin da Bilma, mutanensa ba su haura dubu biyu da yawa ba, akasarinsu Barebari ne tare da Tubawa. Ba a noman hatsi a wurin, arzikin da Allah ya ba su shi ne ruwa da dabino da gishiri, saboda haka tun zamanin da ba wanda ya san farkonsa rayuwarsu take rataye a kan ayarin Abzinawa, wanda yakan taso bayan damina ɗauke da geron Damargu da na ƙasar Hausa, ya ya da zango a yi musaya, ya koma da gishirin kantu da beza waɗanda a ƙarshe za su sauka a kasuwar Dole ta Damagaram ko kasuwar Kurmi ta Kano. Gidajen garin da ƙasa mai gishiri aka gina su, kuma akwai tsohuwar ganuwa da suke kira dada, wadda a cikinta iyalai suka jera rumbunansu, suke kuma fakewa in mahara sun afko. Wannan ne garin da za mu shiga da tambayar nan ta wane ne ya haifi wane.

Mu fara da maƙabarta, tun da ita ce masu wannan fanni suka fi dogara a kanta. Wanda ya shiga maƙabartar Musulmi a waɗannan ƙasashe namu yana neman suna da shekara, zai fito hannu rabbana, ba don jahilci ko sakaci na mutanen ba, sai don bin hukunci. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibin zaure yake hawa bayan ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ta lissafa gini a kan kabari da shafe shi cikin abubuwan da aka karhanta, Muhtasar na Halil kuwa ya halatta a kafa dutse ko itace don a bambance wannan kushewa da waccan, amma da sharaɗin kada a zana kome a jikinsa. Manufar a fili take: ana so a san cewa akwai mutum a nan don kada a taka shi ko a haƙa a kansa, ba a so a san wane ne don kada alfahari ya bi shi har rami. To, ke nan ilmin wane ne yake kwance a ina ba a jikin dutse yake ba, yana cikin kawunan waɗanda suka ɗauki makara, kuma yana raye ne gwargwadon ransu. Ɗa ya san kabarin ubansa, jika yakan iya nuna sashen da kakansa yake, tattaɓa-kunne kuwa sai dai ya yi addu'a ga jama'ar wurin baki ɗaya, ga kuma rairayi da iska suna aikinsu ba dare ba rana.

Hamadar da ta kewaye garin tana da kaburbura iri biyu da suka isa a yi tunani a kansu. A shekarar 2000 wasu masu bincike a ƙarƙashin Paul Sereno na Jami'ar Chicago, waɗanda suka shigo neman ƙasusuwan manyan dabbobin farkon zamani, suka ci karo da maƙabartar Gobero, mai kaburbura wajen ɗari biyu, na mutanen da suka zauna a bakin wani tafki dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Tenere take da kifi da kada. An auna tsayinsu, an san abincinsu, an ga abin wuyansu da awarwaronsu, amma sunan ko mutum guda bai tsira ba. A ɗaya gefen kuma, kudu da Fachi, akwai wurin da jirgin saman UTA ya tarwatse ranar 19 ga Satumba 1989 a kan hanyarsa daga Brazzaville da Njamena zuwa Paris, mutum 170 suka hallaka, inda a 2007 danginsu suka jera baƙaƙen duwatsu suka kafa fiffiken jirgi ɗauke da sunayen mamatan duka. Ga shi dai, a faɗin wannan sahara da ta cinye madugai da 'yan ayari da bayi ba adadi, waɗanda aka fi kiyaye sunayensu a rubuce su ne waɗanda suka zo wucewa ta sama, ba su ma san suna bisa ƙasar ba.

Jarida kuwa ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a watan Janairun 1939, amma idonta yana kan lardunan Nijeriya ta Arewa. A Yamai an yi Le Temps du Niger, wadda Le Sahel ta gada a 1974, dukkansu da Faransanci, kuma bakin gwamnati ne. A wancan zamani gari irin Fachi ba ya shiga irin waɗannan shafuka sai in wani babba ya kai ziyara, ko tseren motocin Paris-Dakar ya ratsa Tenere. Abin dariya da ban takaici, itaciyar nan tilo da ayari yake ya da zango kusa da ita a kan hanyar Agadas zuwa Fachi, da wata babbar mota ta kaɗe ta a 1973, an ɗauki gangarta an kai gidan tarihi na Yamai, duniya ta ji labarin mutuwarta, alhali malamai da attajirai nawa suka rasu a garin a wannan shekara ba a ɗiga musu tawada ko ɗigo ba. Labarin mutuwa a wurinmu da baki yake tafiya, daga ƙofar masallaci zuwa bakin matafiyi, daga baya ya hau rediyo, yanzu kuma ya koma saƙon murya a WhatsApp, kuma duk waɗannan ba su bar abin da jika zai buɗe ya duba ba.

Saura daftarin soja, kuma a nan ne ya kamata mu zauna, domin shi kaɗai ne cikin ukun yake da abin bayarwa, shi ne kuma ya fi saurin yaudarar mai nema. Faransawa sun kafa sansani a Bilma a 1906, a shekarar da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa, ya ratsa wurin a tafiyarsa daga Tarabulus zuwa Barno, kuma tun daga lokacin har zuwa samun 'yancin kai a 1960 alƙalamin Nasara yake bin mutanen wannan yanki. Amma alƙalamin ba don Allah yake rubutu ba, don buƙatar mai shi yake yi. Kumandan yana son ya san magidanta nawa ne saboda lanho, dabino nawa ne, raƙuma nawa suka zo cikin ayari, wa zai yi wa sojojin raƙuma jagora zuwa rijiya, saboda haka mutum ba ya shiga takarda sai ta ƙofar biya, ko ta aiki, ko ta laifi. Waɗannan rahotanni suna warwatse a yau tsakanin ma'ajiyar takardun ƙasa ta Yamai, da ta Dakar wadda ta kasance hedkwatar mulkin Faransa a Afirka ta Yamma, da ta Aix-en-Provence, da ta soja a Vincennes. Wanda kuwa kakansa ya sa kaki cikin rundunar da Faransa ta kafa a 1857, wadda aka ci gaba da kiran dakarunta 'yan Sanagal ko da daga Damagaram ko Tawa aka ɗebo su, to takardun aikinsa a garin Pau ya fi kyautuwa a neme su, in kuma ya mutu a fagen fama a yaƙin 1914 zuwa 1918, Ma'aikatar Tsaron Faransa ta ɗora katunan mamatan a intanet a shafin Mémoire des hommes. Amma kafin a rubuta wa Faransa, a fara buɗe adakar tsohuwa a cikin gida, gama mazan jiya sun riƙe ɗan littafinsu na soja kamar laya, tun ba ma da dokar 1959 ta daskarar da kuɗin fanshonsu ba, suka shekara da shekaru suna jiran ranar da za a daidaita su da takwarorinsu Turawa.

To, a ce an sami takardar. Me take faɗi? Tana faɗin suna, amma sunan ya bi ta kunnen tafinta kafin ya isa alƙalamin magatakardan da bai ji Barbarci ba, bai ji Hausa ba, ya rubuta da ƙa'idar harshensa, har Kyari ya zama Kiari ko Tiari, Muhammadu da Mamman da Modu suka taru suka zama Mamadou, wani kuma aka laƙaba masa sunan garinsu ko na ƙabilarsa a matsayin sunan uba. Tana faɗin shekarar haihuwa, amma likita ne ya dubi haƙora da ƙirji ya ƙiyasta, aka rubuta cewa an haife shi wajen shekara kaza, wanda shi ne asalin wannan ɗimbin jama'a da katinsu ya ce ranar ɗaya ga Janairu aka haife su. Tana faɗin gari, amma sau da yawa garin da bariki yake ne, ba inda aka binne cibiya ba. Kuma akwai wanda ya amsa sunan wani, domin in an ce kowane mai gari ya kawo samari, ba kasafai ɗan gata yake tafiya ba, akan tura bara ko maraya a madadinsa. Duk da haka ba zan raina takardar ba, saboda tana da wata kyauta guda wadda ba a samunta da sauƙi a zaure, wato sunan uwa. Bafaranshe yakan tambayi sunan uba da na uwa ya rubuta, ba ruwansa da kunya, alhali mu a gida mutum yakan tsufa bai taɓa furta sunan mahaifiyarsa ba, jikokinta kuwa ba su san ta da kome ba sai Inna ko Kaka ko Hajiya.

A lokacin tashin hankali kuma daftarin yakan nuna halinsa ƙarara. Lokacin da Kawusan, jagoran Abzinawa, tare da goyon bayan Sarkin Azbin Tagama, ya yi wa barikin Agadas ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, da abin da ya biyo baya na kashe malaman garin da watsewar Abzinawa da raƙumansu, musibar ba ta tsaya a Azbin ba, domin duk abin da ya karya ayari ya taɓa tukunyar Fachi. Mai karanta rahotannin wannan zamani zai ga hafsan Faransa da sunansa da muƙaminsa, mutanen ƙasa kuwa galibi adadi ne, mutum kaza aka kashe, raƙumi kaza aka kama. Wanda yake neman kakansa cikin adadi ba zai same shi ba, iyakarsa ya san irin wutar da kakan ya ratsa.

Ba Nasara kaɗai ne yake ɓoye suna ba, mu ma muna yi, amma don girmamawa. Sunan yanka wanda liman ya raɗa ranar bakwai sau da yawa ba shi ne ake kiran mutum da shi ba. In an mai da sunan kaka, Bahaushe sai ya ce Abba ko Baba ko Uwa, Babarbare ya ce Kyari, don kada bakin 'ya'ya ya kama sunan mahaifi. Wani kuma ranar haihuwarsa ta zama sunansa, Ɗanladi ko Balarabe ko Talatu, har ya mutu ba a san na yankan ba. Sakamakon wannan ga mai bincike shi ne, suna ɗaya yakan dawo cikin zuriya bayan kowane tsallake, kaka da jika su zama takwarori, in zamani ya yi nisa sai mai ba da labari ya haɗe su su zama mutum guda, wanda ya yi yaƙi da mahara kafin zuwan Nasara, shi ne kuma ya hau mota zuwa Makka. Ibn Haldun ya yi gargaɗi tun a 1377 cikin Muƙaddima cewa nasaba takan cakuɗe, mutum ya shiga cikin wasu mutane ya zauna, 'ya'yansa su tashi ana ƙirga su a ciki, a manta da inda ya fito. Shi ya sa salsalar baka takan yi ƙarfi a ƙasa, wajen kakanni uku ko huɗu, ta yi ƙarfi kuma a can ƙololuwa inda ake jingina ta da Yaman kamar yadda sarakunan Sefawa na Barno suka yi, ko da Bagadaza kamar labarin Bayajida, tsakiyar kuwa, inda ainihin tarihin yake, a nan igiyar take rauni.

Da yake haka abin yake, ra'ayina shi ne mai neman asali a Fachi ya koma ga mizanin da malaman fiƙihu suka riga suka ajiye, domin su ma wannan matsala ta same su, kuma ba su jira dutse ko jarida ba. A mazhabar Malikiyya akwai abin da ake kira shaidar ji, wadda Ibn Asim na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1426, ya yi bayaninta cikin Tuhfa, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi: a kan al'amura irin su nasaba da mutuwa da aure da hubusi, waɗanda suka daɗe har shaidun gani da ido suka ƙare, alƙali yana karɓar maganar adalai biyu da suka ce ba su gushe suna jin abu kaza daga amintattu da waɗansunsu ba, matuƙar zamani ya tsawaita kuma babu wata tuhuma. Wannan ba sassauci ba ne, ƙa'ida ce mai sharuɗɗa, tana bambance abin da ya yaɗu a bakin jama'a ba mai musu, da abin da gida ɗaya yake faɗa don ya ɗaga kansa. In aka haɗa ta da ladabin masu hadisi, wato a tambayi mai magana daga wa ya ji, shi kuma wancan ya gani ne ko an gaya masa, kuma yana da riba a cikin maganar ko babu, sai a ga cewa hirar tsofaffi tana da darajoji, akwai ingantacciya, akwai mai rauni, akwai ƙagaggiya, kamar dai yadda takardar kumandan take da su. Shekaru ma ana iya kama su, tun da mutanenmu da aukuwa suke ƙirga zamani: an haifi wance shekarar Kakalaba, wato yunwar 1913 zuwa 1914, an yi auren wane bayan Kawusan, wane ya rasu a yunwar El Buhari ta 1984.

Sijilin garin na haƙiƙa kuwa, a ganina, yana tsaye cikin lambuna da ramukan gishiri. A wurin da dukiya ita ce dabino, kowace bishiya tana da mai ita, kuma ba ta isa hannunsa ba sai ta gado ko saye ko kyauta ko sadaki. Ilmin fara'ili ba ya yarda a raba tarikar mamaci sai an lissafa magada ɗaya bayan ɗaya, matansa da 'ya'yansa mata da uwarsa in tana raye, in kuma wani magaji ya mutu kafin a raba sai a shiga hisabin munasaha, gado cikin gado. Mutum yana iya manta sunan kakar kakarsa, amma ba ya manta ta wace hanya rabon da yake da shi a bishiya kaza ya zo masa, domin ranar da ya manta, ranar wani zai tuna masa da tasa riwayar. Saboda haka wanda ya bi salsalar dabino zai tarar da matan da salsalar maza ta zubar, kuma zai tarar da shaidun da ba sa barin kuskure ya wuce, tun da kowa yana da haƙƙi a ciki.

Akwai kuma inda igiyar take yankewa ɗungurungum, kuma wajibi ne a faɗe shi. Hanyar da ta tashi daga Barno ta bi ta Kawar zuwa Fazzan ta ɗauki bayi ƙarni bayan ƙarni, waɗansu ba su ƙetare ba, a nan dausayoyin suka tsaya suna aikin gishiri. Diwanin sarakunan Barno, wanda Bature matafiyi Barth ya samu a tsakiyar ƙarni na 19, ya ambaci cewa Mai Arku a ƙarni na 11 ya zaunar da bayi ɗari uku a Dirku, da wasu ɗari uku a Sigidin, ya kiyaye sunan sarkin da na uwarsa, su kuwa bayin ko ɗaya bai ambata ba. Faransa ta haramta cinikin bayi a yankin da dokar 1905, Nijar ta mai da bautarwa laifi a 2003, amma doka ba ta mayar wa kowa da sunan ƙauyen da aka kamo kakansa. Mai bincike zai iske gidajen da in ya kai kaka na uku sai a yi shiru a kawo masa shayi, kuma ba shi da hurumin ya fasa wannan shiru a bainar jama'a don ya cika shafinsa, musamman a gari ƙarami inda magana ɗaya takan hana aure.

Baƙon da ya fi kowa rubuta rayuwar garin shi ne Peter Fuchs, malamin Jami'ar Göttingen, wanda ya zauna da mutanen ya fitar da littafi a kan tattalin arzikinsu a 1983, da wani a kan garin kansa a 1989, dukkansu da Jamusanci, harshen da jikokin waɗanda suka ba shi labarin ba sa karantawa. Fassara su zuwa Barbarci ko Hausa aiki ne da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya dace da cibiyoyi irin su IRSH da CELHTO na Yamai. Abin da ɗan gari zai iya yi da kansa, da wayar da take aljihunsa, shi ne ya ɗauki muryar tsofaffi, mata kafin maza, kowa shi kaɗai ba a gaban ɗan'uwansa ba, ya rubuta a kan kowace riwaya wanda ya faɗe ta da wanda shi kuma ya ji daga gare shi da ranar da aka yi hirar, ya rubuta kowane suna sau biyu, da ajami yadda ake furta shi da kuma yadda Bafaranshe zai iya rubuta shi, domin da wannan na biyun ne za a nemi mutumin a Pau. In riwayoyi biyu suka saɓa, ya ajiye su duka kafaɗa da kafaɗa, kada ya zaɓi wadda ta fi yi wa gidansu daɗi ya shafe ɗayar.